Yadda Shanun Senda Suka Haye Rafi

Ranar Talata ce, a tsakiyar rani. Da asuba na fito na tarar 'yata Rosenda, wadda kowa ke kira Senda, ta riga ta hura wuta. Tana soya shinkafar jiya da tafarnuwa, busasshen kifi na gefe, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ta haura shekara talatin, amma ba ta taɓa sanin inda ta yar da takalminta ba.

"Mama, yau ba kanti," in ji ta. "Kin yi mini alkawari."

Ina da kantin magani a garin Milagros. Harhaɗa magunguna na karanta a jami'a, shi nake yi tun kafin a haife ta. Na ce mata ciwon mutane bai san alkawari ba.

"Su sha ruwan zafi. Yau shanu za ki raka."

Da rana ta fito yayanta Rufo ya shigo, ya sa hannu a kaskon ya ɗauki kifi. Ta kai masa duka da ludayi. Manoy take ce masa, wato yaya.

"Manoy, hannun nan da shi ka gama taɓa gindin doki!"

"Likitar kaska, ke da kike cire su da farce za ki yi wa wani maganar tsabta?"

Uwar mijina, Lola Pilang, tana kan bencinta da kofin gahawa. Ta ce, "Ku bar ta. Wadda ta rasa miji ai dole ta yi faɗa da kifi."

"Lola, naki mijin nake jira ya dawo, in ƙwace."

"Je ki tono shi. In ya yarda ya bi ki, na bar miki har da tarinsa."

Mijina Tikyo ya yi dariya har ya dafe ƙugu. Tun da doki ya kayar da shi ya daina hawa, ya sakar wa yaran nan biyu garken.

Da hantsi muka isa makiyaya. Senda ta yanka filinmu gida-gida da waya, shanu su yi 'yan kwanaki a wannan, a matsar da su wancan. A wuyanta akwai budyong, ƙaton kwanson katantanwar teku da aka fasa wa tsini, irin wanda masunta ke busawa in sun dawo da kifi. Ta buɗe ƙofar shinge, ta busa dogo ɗaya da gajeru biyu. Shanu suka ɗaga kai. Uwar garken, wata farar saniya mai karyayyen ƙaho da ake kira Kapitana, ta fara takowa. Senda ta rataya mini jakar gishiri a kafaɗa.

"Shiga gaba. Ki yi tafiyar zuwa coci, ba ta zuwa kasuwa ba. Kuma kada ki waiwaya."

Ban yi nisa ba na ji numfashi a ƙeyata, na waiwaya. Kapitana ta tsaya cak. Duk garken ya tsaya.

Senda ta riƙe ciki tana dariya. "Mama! Kin gaya mata ba ki san hanya ba. Saniya ba ta bin mai waiwaye." Ta karɓi jakar ta wuce, suka bi ta a jere kamar 'yan makaranta.

Da rana tsaka muka ci abinci a ƙarƙashin kwakwa. Ta nuna mini tudun da ke hayin rafi, inda ciyawa take kore har a rani. Tun ƙarshen damina ba ta bar saniya ta taka wurin ba. Ta ce saura gida biyu a wannan gefen, daga nan sai hayi. Ta ce kafin ruwan farko mai dubawa zai zo daga hukumar da ke ba da shaidar naman da ba a taɓa shi da maganin kanti ba.

"In ya sa hannu, Mama, na yi nasara a kanki. Ke kina sayar da magani, ni ina sayar da rashinsa."

Da la'asar ta wanke kunnuwan maruƙa da ruwan ganyen dalbejiya. Da magariba ita da Rufo suka yi gardama a kan wanda ya bar ƙofar rumbu a buɗe. Ta shafa wa Lola man kwakwa a ƙafa. Ta kwanta da wuri. Na sha bin ranar nan daki-daki, yadda nake bin takardar likita, ban sami wata alama ba.

Washegari da safe ta faɗi a bakin shinge. Jijiya ce ta fashe a kanta. Ta cika a mota kafin mu kai asibiti.

Tun tana rarrafe Senda take bin shanu. Tana 'yar shekara shida Lola ta ba ta budyong ɗin nan, wanda na mahaifin Lola ne, masunci. Ta ba ta ne don ta daina damun ta da surutu, sai ta koma damun gari duka. Da ta gama sakandare na so ta bi sahuna. Ta ce ba za ta iya wuni a bayan kanta tana ƙirga ƙwayoyi ba, ta tafi ta karanta kiwo.

Ta dawo da magana ɗaya a baki: a daina feshi. A lokacin, mu da maƙwabta duka, duk wata sai an tara shanu an yi musu wanka da maganin kaska, ana kuma ƙara masa ƙarfi domin kaskar ta saba da shi. Ta zaunar da mahaifinta ta yi masa bayani. Kaska in ta ƙoshi takan faɗo ta yi ƙwai a ciyawa, 'ya'yan su hau kan ganye su jira saniya. In saniya ba ta zo ba, yunwa ta kashe su. To me zai hana a riƙa ɗauke musu saniyar? Ta ce akwai masu saye a Cebu da Manila da ke neman naman da ciyawa kaɗai ta gina, amma sai an yi shekara uku cur ba feshi, ba takin kanti, kafin a ba da shaida. In aka yi wa garken feshi sau ɗaya, an koma farko.

Tikyo, wanda ke ce mata Inday kamar yadda ake kiran 'ya mace a nan, ya ce, "Shekara uku? Inday, in sun mutu fa?"

"Papa, in sun mutu ka sa ni a garma."

Shekarar farko ta yi wuya. Mun rasa maruƙa huɗu. A wurin gasar kamun shanu ta shekara, wani maƙwabcinmu ya tambayi Tikyo ko gaskiya ne yanzu kaska yake kiwo, shanun abincinsu ne. Senda ta ci gaba da aikinta. Ta sayar da shanun da kaska ta fi so, ta bar masu santsin fata. Ta saki kaji da zabi a makiyaya. Ta hana a kori shanu da doki ko kare, ta ce saniyar da aka firgita ba ta yin nama. Da busa da gishiri ta koya musu bin ta, tun suna maruƙa. A shekara ta biyu balbela ta dawo filinmu. A ta uku, maƙwabcin nan ya zo da kansa yana tambayar yadda ake yanka fili.

Ranar da aka fitar da akwatinta daga gida, Lola ta tsaya a ƙofa ta ce, "Kada wanda ya waiwaya." Haka muke yi, don kada mamaci ya ga ana kiransa ya kasa tafiya. Na yi tafiyar har maƙabarta idona na gaba. Da muka dawo, Lola ta tattara kayan Senda duka, tufafi, malafa, takalma, igiya, da budyong, ta ɗaure a cikin bargo ta sa a saman kabad. A gidanta ba a taɓa kayan mamaci sai ranar cire baƙi, bayan shekara. Balle kafin addu'ar arba'in, lokacin da take cewa ran yana nan kusa yana zagaya gida.

Gida biyun da suka rage a wannan gefen ba su ba Rufo wahala ba. Ya buɗe ƙofa, shanu suka ga ciyawa suka shiga. Da suka cinye, sai hayi. Rafin ba zurfi gare shi a rani ba, iyakarsa gwiwa, amma gangarensa matsattse ne, ga duwatsu. Rufo ya tsaya a bakin ruwa da gishiri ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. Babu wadda ta motsa. Ya aro budyong wurin masunta ya busa. Kapitana ta ɗaga kai, ta saurara, ta ci gaba da tuƙa. Muryar wannan siririya ce, ta Senda kuwa kauri gare ta kamar kukan bijimi.

Sai ya kira abokansa uku da dawakai suka kore su. Shanun da ba su taɓa ganin an yi musu ihu ba suka watse, suka tsinke waya, wata karsana ta karya ƙafa, dole aka yanka ta. Bayan wannan ko inuwar doki suka gani sai su dunƙule a kusurwa.

Dole aka mayar da su gidajen da suka riga suka ci, inda 'ya'yan kaska ke jira. Ina zuwa kowace safiya kafin kanti. Na ga kaskar ta fara daga kunne, ta sauka leɓe, ta cika hantsa. Na duba dasashin maruƙa na ga ya fara fari. Na san ma'anar wannan, a mutum ko a dabba.

Wata ranar Asabar Rufo ya dawo daga gari ya dire jarka da famfon feshi a tsakar gida.

Tikyo ya ce, "Mene ne wannan?"

"Papa, ka san ko mene ne. Litinin zan yi musu wanka."

"Shekara ukun ƙanwarka fa?"

"Shekara ukun ce za ta ba maruƙa jini? Kuna tsammani daɗi nake ji? Ni na haƙa ramin kowane turke a filin nan tare da ita. Amma ba zan tsaya ina kallo suna faɗuwa ba. Mama, ke kin san magani, ki faɗa masa."

Na ce gaskiyarsa ne. In suka ƙara mako a wurin nan za mu fara rasa ƙananan. Na ce amma in suka haye, da ruwan dalbejiya da hannu za a iya cire na jikinsu, tunda babu sababbi da za su hau. Babu wanda ya kalli saman kabad, inda budyong yake, amma Lola ta gane.

"A'a," in ji ta. "Ko arba'in ba a yi ba. Ku busa abin nan, ta ji, ta juyo. Kuna so yarinya ta maƙale tsakanin nan da can saboda nama?"

Ban yi mata gardama ba. Ita ta yi renon Senda lokacin da nake wuni a kanti, rashin nata ne kamar yadda yake nawa. Na ce kawai, "Lola, gobe bayan coci ki raka ni ki gan su."

Rufo ya ɗauke ta a bayan babur har bakin shinge. Ta sauka da sandarta. Kapitana ta tako a hankali ta miƙo kai ta saman waya. Lola ta kama kunnen ta juya shi. Kaska ta jeru a ciki kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba ita ce aka haifa a ranar guguwa ba? Wadda yarinyar nan ta shigo mini da ita ɗaki?"

"Ita ce."

"Ta yi mini kashi a tabarma." Ta saki kunnen ta goge hannu a zane. "Rufo, koma gida. Saman kabad. Kada ka kwance, kawo mini ƙunshin yadda yake."

Da ya kawo, ta zauna a kan kututture ta kwance da hannunta. Ta zaro budyong ta mayar da ƙullin. Ta ɗaga kai tana magana, ba da mu ba.

"Inday, saurara. Ba ke nake kira ba, shanunki nake kira. In kin ji, ki yi tafiyarki. In kuma kin ƙi, don na san kunnen ƙashi gare ki, to ki tsaya daga nesa ki ga aikinki, sannan ki wuce."

Rufo ya miƙa hannu. Ta buge shi. "Kai wa ya koya maka? Kana busa kamar akuya ta haɗiyi ƙashi."

"Lola, ba ki da haƙori."

"Da haƙori ake busa? Riƙe mini sanda."

Na farko iska ce kawai ta fita. Ta yi tari, ta la'anci taba, ta gyara leɓe. Na biyu ya fito, dogo ɗaya, mai kauri, ya bi kwarin ya dawo. Sai gajeru biyu. Ban shirya wa jin wannan ba. Na kama turke na riƙe. Ko'ina a filin kawuna suka ɗago.

"To wa zai shiga gaba?" in ji Lola tana haki. "Ni dai ƙafata ba za ta kai ba. Wannan kuwa warin doki yake yi."

Na ɗauki jakar gishiri na rataya. Rufo ya buɗe ƙofa ya ja da baya can nesa.

Na kama hanyar rafi da tafiyar zuwa coci. Da farko ban ji komai a bayana ba sai iska a cikin tofa. Wuyana ya yi ta ja na. Na kafa ido a kan wata bishiyar kwakwa da ke hayi, na ci gaba. Can sai na ji kofato ɗaya a kan tsakuwa. Sai numfashi mai ɗumi a ƙeyata, da warin ciyawar da aka tuƙa. Na gangara, na shiga ruwa da takalmin cocina. A tsakiyar rafi numfashin ya ɓace. Ta tsaya a bakin ruwa, na sani. Ban rage tafiya ba, ban ƙara ba. Daga saman gangare Lola ta sake busawa. Sai na ji ruwa ya fashe a bayana, ya sake fashewa, har ƙarar ta zama ɗaya, kamar an saki ruwan sama a kan kwano.

Ban tsaya ba sai da na dafa bishiyar kwakwar. Kapitana ta wuce ni ta sa baki a ciyawa. Sauran suka yi ta wucewa ta dama da hagu, jiƙe sharkaf, maruƙa na tsalle. A nan ne na waiwaya. Babu ko ɗaya da ta rage a wancan gefen. Rufo yana tsaye a kan shinge yana kaɗa riga yana ihu kamar yaro. Tikyo, wanda ban san ya biyo mu ba, ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Da na koma, Lola ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin lalata takalmi."

Mako biyu muka yi muna wanke su da ruwan dalbejiya, muna cire kaska da hannu. Na rufe kanti rabin yini. Maƙwabcin nan mai ba'a ya turo 'ya'yansa mata biyu su taya mu. Maraƙi ɗaya ya yi nisa, na ce a ware shi a yi masa allura, a fitar da shi daga garken da za a ba shaida, domin Senda ba ta taɓa barin dabba ta wahala don takarda ba. Ya rayu. Sauran jininsu ya dawo da ciyawa kaɗai. Rufo ya mayar da jarkar kantin da ya saya, ko murfin ba a fasa ba.

Mai dubawa ta zo kafin ruwan farko, wata mace mai ƙaramar murya. Ta zaga gida-gida, ta leƙa rumbu, ta ɗebi ƙasa, ta juya kunnuwa. Ta tambayi wanda ya tsara filin. Rufo ya ce, "Ƙanwata." Bayan wata biyu shaida ta iso. Ranar da bijimanmu na farko suka hau jirgin ruwa zuwa Cebu, Tikyo ya sa aka yanka ɗaya a gida, aka dafa da ganye da ayaba, aka kira duk wanda ya taɓa cire mana kaska. Lola ta tsotsi ɓargo ta ce naman ya yi, sai dai gishiri ya yi kaɗan. Yanzu gidaje uku a kwarinmu sun yanka filayensu.

Da shekara ta cika muka yi addu'a, muka cire baƙi, Lola ta sauko da ƙunshin. Tufafin aka raba wa 'yan matan da suka taya mu aiki. Igiya Rufo ya ɗauka. Malafar ta riga ta mutu, Lola ta ƙona ta a bayan gida, ta ce wannan ta mai ita ce. Sirdin dokinta, da ba ya cikin ƙunshin, Tikyo ya shafa wa mai ya rataye a inda yake gani daga gadonsa. Takalmin aikinta ƙafa ɗaya muka samu a ƙunshin. Ɗayar sai bayan wata guda Rufo ya tsinto ta a ƙarƙashin kwamin gishiri, kaza ta yi ƙwai a ciki. Da ta ƙyanƙyashe na wanke su na gwada, suka yi mini daidai, da su nake shiga gaba.

Budyong kuwa ba a mayar da shi ɗaki ba. Yana rataye a ƙusa a turken ƙofar rafi. Lola ta koya wa Rufo busawa. Har yanzu tana cewa kamar akuya yake yi, amma Kapitana tana zuwa.